Yashi, Waya da Sarauniyar Teku: Nazarin Wani Aikin Fasaha a Gaɓar Fortaleza

Wurin da mai aikin

Fortaleza ita ce babban birnin jihar Ceará, a arewa maso gabashin Birazil, daidai inda ƙasar ta miƙo kafaɗa cikin Tekun Atlantika. Daga nan Afirka da Turai sun fi kusa a kan daga Rio ko São Paulo, shi ya sa kamfanonin sadarwa suka mai da garin mashigar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Fiye da 15 daga cikinsu suna fitowa tudu a gaɓa ɗaya da ke gabashin gari, Praia do Futuro. A watan Satumba na 2018 aka kunna wayar da ake kira SACS, mai tsawon kilomita 6,165, wadda ta taso daga Sangano kusa da Luanda a Angola. A shekarar dai aka kammala SAIL daga Kribi ta Kamaru. A 2021 EllaLink ta iso daga Sines ta Fotugal.

A wannan gaɓar ce kuma mabiya Umbanda, wani addinin Birazil mai tushe a Afirka, suke taruwa kowace 15 ga Agusta, sanye da farare da shuɗayen kaya, don bikin Iemanjá. Asalin wannan abar bauta ƙasar Yarbawa ne, inda ake kiranta Yemoja, ake kuma danganta ta da kogin Ogun. Da bayi suka ƙetara da sunanta Birazil sai ta koma sarauniyar teku a wurin masu bauta mata. Ranar ta dace da ranar hutun Katolikan garin, don haka gaɓar kan cika maƙil. Ana kawo furanni da turare da madubi da mataji, a jera a ƙaramin jirgi, masunta su shiga da shi can cikin ruwa.

Wadda wannan nazari ya bi mace ce 'yar garin, mai aikin hoto da sauti. Ba mabiyar Umbanda ba ce. Gwaggonta tana da ɗan gida a Icaraí, kimanin kilomita 20 yamma da tsakiyar birni, inda teku ya daɗe yana cin ƙasa. An sakaya sunanta da sunan gidan ibadar da ta yi aiki da shi. Abin da ya dame ta shi ne ta ga abubuwa uku suna raba ruwa ɗaya, waya da ibada da zaizayar gaɓa, amma kowane yana da masu maganarsa daban, kuma ba sa zama a ɗaki ɗaya. Ta so ta yi aiki guda da zai ɗauke su duka ba tare da ta ƙirƙiro dangantakar da babu ita ba.

Kafin 2018: yadda aka tare wa yashi hanya

A wannan gaɓa iska daga gabas take kaɗawa kusan duk shekara, kuma ta fi ƙarfi daga Agusta zuwa Nuwamba. Igiyar ruwa tana dukan ƙasa a karkace, sai yashi ya riƙa tafiya sannu a hankali daga gabas zuwa yamma, kowane bakin teku yana karɓa daga maƙwabcinsa yana miƙa wa na gaba. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara gina tashar jiragen ruwa ta Mucuripe, aka ja doguwar katangar duwatsu cikin teku. Katangar ta tsare hanyar. Gabas ta shiga tarawa, yamma ta shiga ramewa.

Praia de Iracema, unguwar masu hali a wancan zamanin, ita ta fara ɗanɗanawa, teku ya rushe gidajen bakin ruwa. Hukuma ta amsa da jera wasu katangun duwatsu masu shiga cikin ruwa, kowace ta riƙe yashin da ya iso gare ta, ta hana na gaba. Haka cutar ta riƙa matsawa yamma har ta ƙetare kogin Ceará ta shiga ƙaramar hukumar Caucaia: Iparana, Pacheco, sannan Icaraí. Gine-ginen da aka yi a kan tuddan yashi sun ƙara dagula lamarin, domin daga tuddan nan iska take mayar wa gaɓa abin da ta rasa. Tsakanin 2010 da 2011 aka gina wa Icaraí katanga mai hawa-hawa ta manyan buhunan da aka ɗura wa kankare. Cikin 'yan shekaru tumbatsar teku ta fasa ta a wurare da dama. Aka gyara, ta sake fashewa.

Praia do Futuro kuwa tana ɓangaren da ke tarawa. A unguwar Serviluz, kusa da katangar tashar, yashi har cikin tituna da ƙofar gidaje yake shiga.

2018 zuwa farkon 2019: taswira a kan taswira

Yunƙurinta na farko shi ne wanda zai fara zuwa zuciyar kowa. Ta ɗauko taswirar hanyoyin jiragen bayi ta ɗora a kan taswirar wayoyin intanet, ta haska su a bango, layukan bayi ja, na wayoyi fari. Hujjar tana da ƙarfi a ido. Kusan mutum miliyan 5 aka sauke a Birazil daga Afirka, fiye da kowace ƙasa a nahiyoyin Amurka, kuma Luanda ce tashar da ta fi kowace fitar da su. Ga shi yanzu waya ta taso daga gefen Luandar ta ƙetaro tekun. A tsakiyar bangon ta sa surar mace cikin shuɗi a matsayin Iemanjá.

An nuna aikin a wani ƙaramin zauren baje koli. Jama'a sun yaba, an ɗauki hotuna an watsa a Instagram. Wata malamar tarihi da ta zo kallo ce ta fara nuna inda gizo ke saƙa: layukan ba su haɗu a inda aka nuna sun haɗu ba. Manyan tashoshin da aka sauke bayi su ne Rio da Salvador da Recife. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, aka fitar da su ta Ikko da Badagry da Ouidah, Salvador aka kai su, fiye da kilomita 1,000 kudu da Fortaleza. A can suka ƙulla tawaye a 1807, a can kuma bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka tashi a watan Janairu na 1835. Labarin Fortaleza daban ne. Nata shi ne na sayar da bayi zuwa gonakin kofi na kudu, musamman lokacin farin 1877 zuwa 1879, da na masunta masu ƙananan jiragen filafili waɗanda a 1881 suka ƙi ɗaukar bayi zuwa manyan jirage. Francisco José do Nascimento, wanda ake wa laƙabi da Dragão do Mar, shi ne fitaccen jagoransu. Ceará ta soke bauta ranar 25 ga Maris 1884, shekara huɗu kafin sauran ƙasar. Don layukan su dace, mai aikin ta ɗan lanƙwasa jajayen zuwa arewa, kuma a wannan lanƙwasar tarihin garinta ya ɓace.

Icaraí ma ba ta fito ba sam. A taswirar teku guda, mita ɗari na gaɓa bai kai kaurin layin alƙalami ba.

Agusta 2019: makirufo a ruwa, kyamara a biki

Sai ta bar taswira ta sauko bakin ruwa. Ta nemi izinin shiga ɗaya daga cikin gine-ginen da wayoyin ke ƙarewa, ba a ba ta ba. Abin da ta iya ɗauka daga waje shi ne katanga marar taga, da murafun ƙarfe a gefen titi inda wayar ke bi ta ƙasa, da allunan gargaɗi. Ta ɗauki hayar wani masunci ya shiga da ita daura da allunan, ta zura makirufon cikin ruwa, tana fatan jin muryar intanet. Ta ji ƙarar igiya, da ƙas-ƙas ɗin jatan lande, da injin wani jirgi daga nesa. Ba abin da ya fito daga wayar, kuma ba zai fito ba. Saƙon haske ne yake bi ta cikin zaren gilashi mai kaurin kashi ɗaya bisa takwas na milimita. A cikin zurfin teku wayar gaba ɗaya ba ta wuce milimita 20 ba, kusa da gaɓa kuma ana naɗe ta da ƙarfe a binne ta ƙarƙashin yashi saboda ƙugiyar jirage da komar masunta.

Ranar 15 ga wata ta je biki da kyamara. Ta tsaya gefen rumfar wani gidan ibada, ta ɗauki makaɗa da masu waƙa, sannan ta matso da idon kyamarar kan fuskar wata mata a lokacin da, a aƙidarsu, ruhi ya hau ta. Bahaushe zai ga kama da hawan bori, ko da yake addinin da tsarinsa daban ne. Ba ta tambayi kowa ba, tana ganin fili ne na kowa da kowa. Bayan ta tace hotunan sai ta kai wa shugabar gidan, dattijuwar da mabiya ke kira Mãe, tana zaton za a yi murna.

Dattijuwar ta kalla har ƙarshe, ta kira ta 'yata, sannan ta ce ba za a nuna shi ba. Matar da ke cikin hoton tana aiki a gidan wasu da ba su san addininta ba, kuma fuskar da kyamara ta kama a wannan lokacin, a wurinsu, ba ta matar ba ce balle a nemi izininta daga baya. Ta tuna mata da Mãe Gilda, shugabar wani gidan ibada a Salvador, wadda jaridar wata majami'a ta buga hotonta a 1999 cikin labarin da ya kira irinta 'yan damfara. An kai wa gidanta hari, ta rasu ranar 21 ga Janairu 2000. Saboda ita ne wata doka ta 2007 ta ware 21 ga Janairu a matsayin ranar yaƙi da tsangwamar addini a Birazil. Mai aikin ta miƙa musu faifan, ba ta riƙe kwafi ba.

2020 zuwa tsakiyar 2021: zaman da ba na aiki ba

Ta ci gaba da zuwa gidan ba tare da kyamara ba. Takan yi shara, ta jera kujeru, ta kai tsofaffi gida a motarta. Da annobar korona ta hana taro a 2020, ita ce ta riƙe wayar hannu lokacin da gidan ya watsa ɗan ƙaramin bikinsa kai tsaye ga mabiyan da ke kulle, har da waɗanda ke Fotugal. Dattijuwar ce ta faɗi inda za a tsayar da wayar da abin da ba za ta kalla ba.

A wannan zaman ta ji maganar da ta juya aikin. Wani tsohon masunci cikin mabiya, mazaunin Caucaia, ya ce da can ba sai sun zo birni ba, a bakin ruwan unguwarsu suke ajiye furanninsu. Yanzu in ruwa ya cika ba wurin durƙusawa, dutse ne da tarkacen katanga. Su kuwa na Praia do Futuro kukansu nisan tafiya ne a kan yashi mai zafi, ɗauke da kwanduna, kafin a kai ga ruwa. Ibadar nan tana buƙatar fili tsakanin titi da ruwa. Wayar ma haka: yashin ne yake rufe ta. Gidan gwaggonta ma haka.

2021 zuwa 2023: igiya mai ƙulli

Ta sayi igiyar masunta mai tsawon mita 100, ta ƙulla ta a kowace mita. Ta zaɓi wurare uku: gindin allon gargaɗin waya a Praia do Futuro, da inda gidan ibadar ke kafa rumfarsa, da katangar gidan gwaggonta a Icaraí. Duk tsayuwar wata, lokacin da cikar teku ta fi kaiwa nesa, sai a ɗaure bakin igiyar a wurin da aka sa alama, a ja ta zuwa layin da ruwa ya jiƙa, a ƙirga ƙulli, a rubuta a littafi, a ɗebi yashi tafi ɗaya a zuba a kwalba mai kwanan wata. Ba ita kaɗai take yi ba. Samarin gidan ibadar suka karɓi na gabas, tsohon masuncin da jikokinsa suka karɓi na yamma.

A gabas akwai watannin da igiyar kan kusa ƙarewa. A Icaraí akwai watannin da ba a ma kwance ta, ruwa yana dukan gindin katanga, sai a rubuta sifiri a ajiye kwalba wayam. Wasu watannin an tsallake su saboda ruwan sama ko rashin lafiya, kuma an bar gurbinsu fari a littafin, ba a cike da ƙiyasi ba.

A 2022 hukumar Caucaia ta gina manyan katangun duwatsu uku masu lanƙwasa a Icaraí. Yashi ya fara taruwa a jikinsu, ƙullin igiyar gidan gwaggo ya fara ƙaruwa. Wannan ya ɓata labarin da mai aikin ta riga ta tsara a ranta, na gabas mai ƙiba da yamma mai mutuwa, har ta yi tunanin tsayar da awo a nan. Tsohon masuncin ne ya ce a duba bayan katanga ta ƙarshe. Suka ƙara wuri na huɗu can yamma, wajen Tabuba, kuma a nan igiyar ta shiga gajarta.

2023 zuwa 2024: rikicin matatar ruwa

Ana cikin haka wata takaddama ta tashi a kan gaɓar. Bayan farin da ya fara a 2012, wanda ya janye ruwan babbar madatsar Castanhão zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100, kamfanin ruwan jihar, Cagece, ya shirya gina matatar da za ta cire gishiri daga ruwan teku, lita 1,000 a kowace daƙiƙa, a Praia do Futuro. Kamfanonin waya suka ce bututun matatar zai yi kusa da wayoyinsu, hukumar sadarwa ta ƙasa, Anatel, ta mara musu baya a 2023. Tsoronsu ba na banza ba ne. Duk wanda yake Najeriya ko Ghana ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Kwaddibuwa, ya ga yadda tura kuɗi ta banki ya tsaya cak. A 2024 gwamnatin Ceará ta amince ta matsar da matatar zuwa wani wuri a gaɓar.

Mai aikin ba ta ɗauki ɓangare a rikicin ba. Ta dai yanke labaran jaridu ta liƙa a littafin awo, kowane a watan da ya fito. Shafukan gabas na waɗannan watanni suka kumbura da takardu. Na Tabuba suka zauna da lambobinsu kawai.

Ƙarshen 2024: abin da aka nuna

An fara nuna aikin a farfajiyar gidan ibadar, sannan a rumfar masunta a Caucaia, sai daga baya a zauren baje koli. A ƙasa an shimfiɗa jeri huɗu. Kowane wata layin yashi ne daga kwalbarsa, tsawonsa gwargwadon ƙullin da aka ƙirga, an rage shi da ma'auni ɗaya. Inda aka rubuta sifiri, kwalbar ce kawai a ajiye. Yashin kansa ya bambanta: wani fari mai laushi, wani gauraye da ɓarɓashin bulo da kankare daga gidajen da suka rushe. Littafin awo yana kan tebur, kowa na iya buɗewa.

Sautin kuwa ganga ce ɗaya. Makaɗin gidan ne ya zaɓi kiɗan, wanda ake yi a bainar jama'a, ba na kiran ruhi ba. Yana kaɗawa a wannan kusurwa, lasifika a waccan kusurwar tana maimaitawa bayan kashi 63 cikin 1,000 na daƙiƙa, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je Luanda ya dawo ta SACS. Kunne ba ya jin su a matsayin bugu biyu sosai, yana dai jin kamar kowane bugu yana da inuwa. Babu surar Iemanjá ko'ina. Babu fuskar kowa.

Wani zaure daga kudancin ƙasar ya nemi sayen aikin. Gidan ibadar ya ce ba za a naɗi gangar a faifai ba, in ana so sai makaɗin ya je da kansa. Cinikin ya watse a nan. Bayan nunin aka mayar da kowane yashi gaɓarsa. Gidan gwaggo yana tsaye. Samarin suna ci gaba da awo a wurare biyu daga cikin huɗun.

Hukunci

Taswirar ta faɗi ne saboda ta haɗa abubuwa ta hanyar kamannin ido, kuma don kamannin su tsaya sai da aka lanƙwasa gaskiya. Hoton bikin ya faɗi saboda an ɗauki abin mutane ba da saninsu ba, a ƙasar da hoto irin wannan ya taɓa jawo wa mace hari har gida. Igiyar ta yi aiki saboda yashi abu ne da ukun suke dogara da shi a zahiri, ana iya auna shi, kuma awon yana iya ƙaryata mai yinsa, kamar yadda ya yi a 2022. Wannan watan da ta so tsayawa amma ta ƙara wuri na huɗu, a ganina, shi ne ya mai da aikin abin dogaro. Shekara ɗaya da rabi na shara da jera kujeru ma ba ɓata lokaci ba ne, domin a nan ta ji maganar masuncin, kuma ba a faɗa wa mai riƙe da kyamara irin wannan magana.

Abin da littafin awon ya nuna a fili yana da ɗaci. Da aka yi barazana ga waya, cikin kimanin shekara guda aka matsar da aikin gwamnati sukutum. Mutanen yamma sun shafe shekaru fiye da 70 ana miƙa musu asarar da aka fara a Mucuripe, unguwa bayan unguwa. Ban ce kada a kare wayar ba, miliyoyin talakawa ma da ita suke cin abinci. Amma saurin da aka yi mata ya nuna ana iya sauri.

Inda aikin ya gaza shi ne ɗaya gefen tekun. Afirka ta shigo ne a matsayin amsa-kuwwar ganga kawai, ba wanda ya ja igiya a Sangano ko Kribi. Ga shi kuwa a Legas labarin yana nan kusan kalma da kalma. Katangun duwatsun da Turawan mulki suka gina a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, Bar Beach ta zaizaye, aka gina katangar Eko Atlantic, ƙauyukan gabashin Lekki suka shiga kukan teku yana cin gidajensu. A yankin Lekkin ne wayoyi irin su MainOne da Equiano suke fitowa tudu, kuma kogin Ogun, inda aka fara kiran sunan Yemoja, a tafkin Legas yake zuba ruwansa. Igiya mai mita 100 da littafi ɗaya sun isa a fara, kuma mai aikin ba ta nemi kowa a can ba.